Kafin A Sa Kaki, A Koyi Taka Ƙasa

Kowace shekara, da zarar an ba da sanarwar ɗaukar kuratan soja ko 'yan sanda, sai ka ga samarin Sabon Birni da Isa sun tashi haiƙan da gudu, waɗansu da kambas, waɗansu da silifa, waɗansu ma ba takalmi. Wannan ba abin mamaki ba ne, gama nan ƙasar Gobir ce, ƙasar Bawa Jan Gwarzo, inda tun zamanin Alƙalawa ake girmama namijin da ya iya tsayawa ya kāre garinsu. Ga kuma wahalar da 'yan bindiga suka jawo wa yankin nan, wadda ta hana mutane da yawa noma da cin kasuwa, har a shekarar 2024 gwamnatin Jihar Sakkwato ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta kanta. Saboda haka saurayin da ya sami kaki yakan zama abin dogara ga gidansu duka.

Amma akwai abin da yake mai da samari da yawa gida tun ba su kai ko'ina ba, watau ciwon ƙwauri da ciwon gwiwa. Saurayi zai yi shekara bai yi gudu ba, sai saura mako biyu a yi gwaji ya fara cin kilomita da yawa kowace safiya a kan kwalta. Kafin ranar ta zo ƙafa ta kumbura, yana ɗingishi. Wani ya ci gwajin, ya isa makarantar horar da kurata ta Zariya, wadda aka fi sani da Depot, wadda kuma tun 1924 take horar da soja, sai ƙafa ta kāsa ɗaukar horon. Kuɗin mota da na takardu da iyaye suka sayar da akuya suka haɗa ya tafi ke nan. Nufin wannan rubutu shi ne mu duba abin da masu bincike suka gano game da yadda ake koya wa mai gudu ya sauka a hankali, da yadda za mu amfana da shi a nan inda muke.

Abin Da Gudu Yake Yi Wa Ƙashi

Sa'ad da mutum yake tafiya, kullum ƙafa ɗaya tana ƙasa. Sa'ad da yake gudu kuwa, akwai lokacin da ƙafafun biyu suke sama, sa'an nan ya faɗo da dukan nauyinsa a kan ƙafa ɗaya. Ƙarfin da ƙasa take mayar wa ƙafar yakan kai ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinsa. Saurayi mai nauyin kilo 60 yana ɗora wa ƙafarsa abin da ya kai kilo 120 zuwa 180 a kowane taku. Mai sassarfa yakan yi taku kusan 1,000 a kilomita ɗaya, don haka gudun kilomita biyar dūka ne wajen 5,000.

Ƙashi abu ne mai rai, yana kuma iya sabawa da wannan dūka, har ya ƙara ƙarfi, in an ba shi lokaci. Yadda yake yi shi ne, jiki yakan fara cire wurin da ya gaji tukuna, sa'an nan ya cike shi da sabon ƙashi. Tsakanin cirewa da cikewa akwai makonni da ƙashin yake da rauni fiye da dā. Zuciya da huhu kuwa suna sabawa da gudu da sauri. Nan ne tarkon yake: saurayi yana jin numfashinsa ya gyaru, sai ya ƙara nisa, alhali ƙashin ƙwaurinsa bai shirya ba. Sai 'yar tsaga ta fito a ƙashin, ƙarama kamar gashi, ta yi ta ƙaruwa kullum.

Soja sun daɗe da sanin wannan ciwo. A shekarar 1855 wani likitan soja na Farusiya, a ƙasar Jamus ta yanzu, mai suna Breithaupt, ya rubuta labarin sojojin da ƙafafunsu suke kumbura bayan doguwar tafiya. Sai bayan da aka gano hoton ƙashi a 1895 aka ga ashe tsagewa ce a ƙananan ƙasusuwan tafin ƙafa. Har wa yau rundunonin ƙasashe da yawa suna asarar kurata ta wannan hanya, an kuma lura cewa ya fi kama kurata mata fiye da maza.

Na'urar Da Take Faɗa Wa Mai Gudu Gaskiya

Mutane biyu masu nauyi ɗaya suna iya yin gudu ɗaya, amma dūkan da ƙafarsu take sha ya bambanta ƙwarai. Ɗaya yana miƙa ƙafa can gaba, ya dira da dunduniya, gwiwa a miƙe, kamar ana kirɓa dawo a turmi. Ɗayan kuwa yana sauke ƙafa kusa da ƙarƙashin jikinsa, gwiwa a ɗan tanƙware, sai girgizar ta ragu. A shekarar 2006 masu bincike a Jami'ar Delaware ta Amurka suka gwada mata masu gudu waɗanda ƙwaurinsu ya taɓa tsagewa da waɗanda nasu bai taɓa ba, suka tarar cewa na farkon sun fi dira da ƙarfi. Wahalar ita ce mai gudu ba ya jin yadda yake dira, gama ya saba.

Domin wannan ne aka fara amfani da wata 'yar na'ura mai auna girgiza, irin wadda take cikin wayar hannu tana juya hoto in ka karkata wayar. A shekarar 2011 Harrison Crowell, wanda yake aiki da sashen bincike na sojan Amurka, da Farfesa Irene Davis suka buga sakamakon wani gwaji. Sun zaɓi mutum 10 masu dira da ƙarfi, suka ɗaure wa kowanne na'urar a ƙashin ƙwauri kusa da idon sawu, suka sa shi gudu a kan injin gudu na cikin ɗaki. A gabansa akwai allon kwamfuta wanda yake nuna tsayin kowace girgiza, an kuma ja layi a allon aka ce masa ya yi gudu a hankali, kada girgizar ta wuce layin.

An yi wannan sau takwas cikin mako biyu, aka fara da minti 15 aka kai minti 30. Hikimar da take ciki ita ce, a kwana huɗu na farko allon yana kunne koyaushe, amma a huɗu na ƙarshe sai aka riƙa kashe shi kaɗan-kaɗan, domin mai gudun ya koyi jin abin a jikinsa, kada ya dogara ga allo. Bayan an gama, girgizar ƙwauri ta ragu da kusan rabi, kuma da aka sāke auna su bayan wata ɗaya ba allo, sabon takun yana nan.

To, rage girgiza yana rage ciwo kuwa? Wannan tambaya ce aka nemi amsarta a wata jami'ar fasaha ta Hong Kong, aka buga sakamakon a 2018. An ɗauki sababbin masu gudu 320, aka raba su kashi biyu. Kashi ɗaya aka koya musu sauka a hankali na mako biyu, ana nuna musu ƙarfin dirarsu a allo. Ɗaya kashin suka yi gudu iri ɗaya ba tare da an nuna musu kome ba. Aka bi su shekara guda. A cikin waɗanda aka koya wa, kashi 16 cikin 100 ne suka ji ciwo, a cikin sauran kuwa kashi 38 cikin 100. Mai karatu ya lura, waɗannan sababbin masu gudu ne, kamar samarinmu masu neman kaki.

Ba kowa ne yake da injin gudu da allo ba, gudu kuma a fili ake yinsa. Saboda haka a Jami'ar Ghent ta ƙasar Beljiyam, Pieter Van den Berghe da abokan aikinsa suka mai da saƙon zuwa kunne. Mai gudu yana ɗaure da na'urar a ƙwauri, yana sauraron kiɗa wanda yake bin takunsa. In ya dira da ƙarfi sai wani ƙara mai kama da na rediyon da bai kama tasha ba ya rufe kiɗan, in ya sassauta sai kiɗan ya fito sarai. Ba wanda ya faɗa musu yadda za su ajiye ƙafa, kowa ya nemo hanyarsa domin ya ji kiɗansa. A rahoton da suka buga a 2021, girgizar ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Yanzu akwai agogon hannu da 'yan na'urorin da ake maƙalawa a takalmi waɗanda suke ƙirga taku suna kuma faɗakar da mai gudu.

Iyakar Na'ura

Ya kamata a faɗi ɗaya gefen. A shekarar 2019 masu bincike a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka nuna cewa mafi yawan nauyin da ƙashin ƙwauri yake ɗauka daga jan tsokar ƙafa yake zuwa, dūkan ƙasa kashi kaɗan ne a ciki. Watau na'ura tana iya cewa girgiza ta ragu alhali ƙashin yana shan wahala, musamman in ana hawan tudu ko ana gudu da sauri. Har ila yau, a gwajin nan na Hong Kong, ciwon gwiwa da na tafin ƙafa ya ragu, amma waɗansu daga cikin waɗanda aka koya wa sun sami ciwon agara da na tsokar sha-raɓa, domin nauyin ya ƙaura daga wani wuri zuwa wani. Darasin shi ne, taku mai laushi yana taimako, amma bai ba kowa izinin ƙara nisa da gaggawa ba. Wanda ya gyara takunsa, ya kuma ninka gudunsa cikin mako ɗaya, zai ji ciwo duk da haka.

Abin Da Za Mu Iya Yi A Nan

Wani zai ce, ina mu ina waɗannan na'urori, a inda ko cajin waya sai an biya? Gaskiya ne. Amma in muka duba da kyau, abin da na'urar take yi guda ɗaya ne: tana faɗa wa mai gudu nan take cewa ya dira da ƙarfi, sa'an nan a janye ta a hankali. Akwai abubuwa uku a hannunmu da za su iya yin wannan aiki.

Na farko shi ne kunne. A Jami'ar Curtin ta ƙasar Ostareliya an gwada maza 26, aka ce musu kawai su yi gudu ba tare da ƙafarsu ta yi ƙara ba. A sakamakon da aka buga a 2017, ƙarfin dirarsu ya ragu da wannan umarni kaɗai. Maharbi da makiyayi sun san wannan tun dā, gama wanda yake bin sawun dabba ba ya buga ƙasa. Saurayi ya nemi wuri mai tauri, ya yi gudu yana sauraron takunsa. In yana jin tim, tim, ko abokinsa da yake tsaye nesa kaɗan yana ji, to ya sassauta har ƙaran ya ragu.

Na biyu shi ne ƙirga taku. A shekarar 2011 Bryan Heiderscheit na Jami'ar Wisconsin ya gwada masu gudu 45, ya tarar cewa in mutum ya ƙara yawan takunsa da kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ba tare da ya ƙara sauri ba, nauyin da gwiwa take sha yana raguwa sosai, har ya kai wajen kashi ɗaya cikin uku ga wanda ya ƙara kashi 10. Dalili kuwa shi ne, gajeren taku yana hana ƙafa miƙewa can gaba. Ga yadda ake yi. Ka yi gudunka yadda ka saba, abokinka yana riƙe da agogo, ka ƙirga sau nawa ƙafarka ta dama ta taɓa ƙasa cikin daƙiƙa 30, ka ninka sau huɗu. In ka sami 40, takunka 160 ne a minti. Ƙarin kashi 5 cikin 100 zai kai ka 168. Akwai manhajar waya ta kyauta wadda mawaƙa suke amfani da ita tana buga ƙyas-ƙyas daidai adadin da aka sa mata, sai ka sa 168 ka bi ta. In ba waya, shugaban ƙungiya ya riƙa tafi ko buga ƙaramar ganga daidai wannan adadi. Kada a yi tsalle daga 160 zuwa 180 a rana ɗaya don an ji cewa haka gwanayen duniya suke yi.

Na uku shi ne idon aboki. Ya tsaya a gefe ya duba inda ƙafarka take sauka, ko ya ɗauki hoton bidiyo da waya ku duba tare. In ƙafa tana sauka can gaban gwiwa, yatsu suna kallon sama, to takun ya yi tsawo. Ba lalle ne mutum ya koma gudu a kan yatsu ba, wannan ma yana jawo ciwon agara ga wanda bai saba ba. Abin da ake nema shi ne ƙafa ta sauka kusa da jiki, gwiwa kuma a ɗan tanƙware.

Sai a bi tsarin da masu binciken suka bi: sau takwas cikin mako biyu, daga minti 15 zuwa 30, ga wanda ya riga ya saba da ɗan gudu. Sau huɗu na farko ana tafi ko ana kunna wayar daga farko har ƙarshe. Daga na biyar a riƙa yin shiru na 'yan mintoci, ana ƙara tsawon shirun kullum, har a na takwas ya zama an tuna masa ne kawai a farko da ƙarshe. Wannan janyewa ita ce take sa sabon takun ya zauna, gama a ranar gwaji ba mai yi maka tafi.

Wanda bai taɓa gudu ba kuwa, ya fara tun da sauran wata uku. Ya riƙa haɗa tafiya da sassarfa, yau a yi gobe a huta, ya ƙara nisa kaɗan-kaɗan kowane mako. Sannu ba ta hana zuwa. Ya riƙa sauya wuri, wata rana filin makaranta, wata rana hanyar ƙasa, kada kullum kwalta. Yashi mai zurfi irin na bakin Gulbin Rima yana da laushi, amma yana gajiyar da agara, sai a yi shi kaɗan. Silifa ba takalmin gudu ba ne. Wanda ya saba da takalmi kada ya tuɓe rana ɗaya don ya ji labarin Abebe Bikila na Habasha wanda ya ci tseren dogon zango na gasar Olamfik a birnin Roma a 1960 ba takalmi, gama shi ya yi horo a haka ƙafarsa ta saba. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi yakan wuce digiri 40, a yi gudu da sanyin safiya, a sha ruwa sosai. A ci abinci a ƙoshi, fura da nono, wake, ƙuli-ƙuli, ƙwai in an samu, domin ƙashin mai yunwa ba ya gyaruwa.

Akwai kuma maganar tsaro, wadda masu binciken can ba su sani ba. Kada saurayi ya fita shi kaɗai da duhun asuba ya bi hanyar daji, ko ta Isa zuwa Shinkafi ko ta ƙauyukan bakin iyaka. A yi gudu ƙungiya-ƙungiya, a cikin gari, bayan gari ya waye, da sanin manya. Zagaya filin ƙwallo sau da yawa ba shi da daɗi, amma ƙafa ba ta san bambanci ba, a fili ne kuma aboki yake iya ganin takunka.

Alamun Da Ba A Wasa Da Su

Ciwon tsoka bayan gudu abu ne da aka saba, yakan wuce cikin kwana biyu ko uku. Amma in ciwon yana wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda za ka iya rufewa da kan yatsa, in yana ƙaruwa yayin da kake gudu, in ba ka iya tsalle a kan ƙafar ita kaɗai, ko yana damunka da dare kana kwance, to ka tsaya nan da nan ka je asibiti. A makonni biyu ko uku na farko hoton ƙashi sau da yawa ba ya nuna tsagar, saboda haka ko an ce hoto bai nuna kome ba, in ciwon yana nan kada ka koma gudu. Wanda abin ya yi masa tsanani akan tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Tsagar da aka kama da wuri takan warke cikin mako shida zuwa takwas na hutu, wadda aka ci gaba da gudu a kanta kuwa tana iya zama cikakkiyar karaya.

Babban haɗari shi ne shan ƙwaya don a danne ciwon, musamman tiramol. Ciwo shi ne na'urar da aka halicce mu da ita, wanda ya kashe muryarta da ƙwaya kuwa ya yi kamar wanda ya ɗaure bakin kare don ɓarawo ya shiga. Murza wurin da ƙarfi ko ja ba ya haɗa tsaga, hutu ne yake haɗa ta. 'Yan mata masu shirin shiga aikin kaki su lura, in al'ada ta ɗauke saboda yawan gudu da ƙarancin abinci, ƙashi yana raunana, sai a nemi likita.

Iyaye, malamai da shugabannin matasa, wannan aiki ne da za ku iya taimakawa a ciki ba tare da kashe kobo ba. Ku tara samarin da suke da niyya tun sanarwa ba ta fito ba, ku samo musu fili, ku sa wani dattijo da ya taɓa aikin soja ko malamin wasanni ya riƙe musu agogo ya yi musu tafi. In yaro ya ce ƙwaurinsa yana ciwo, kada a ce masa rago, a taɓa wurin a gani. Gara ya rasa ɗaukar bana ya shiga ta baɗi da ƙafa lafiyayya. Allah ya kiyaye samarinmu, ya kuma maido da zaman lafiya a ƙasar Gobir.